MAJIGI DA KISAN YAHUDAWA: ABIN DA 'YAN KALLO SUKA KARƁA DA ABIN DA SUKA ƘI

Daga Wakilinmu

Ran 18 ga watan Janairu na 1979, da dare, hoto ya ɗauke daga akwatunan talabijin na dubban gidaje a Jamus ta Yamma. Waɗansu 'yan ta-kife masu ƙaunar aƙidar Hitila ne suka dasa nakiya a gindin turakun watsa shirye-shirye guda biyu, ɗaya kusa da garin Koblenz, ɗaya kuma kusa da Munster. A daidai wannan lokaci ana cikin nuna wani shirin tarihi ne na share fage, don a shirya zukatan jama'a kafin a fara nuna wani dogon wasan kwaikwayo da aka sayo daga Amurka, mai suna Holocaust. Nufin masu nakiyar shi ne su tsorata gidan talabijin ya fasa. Bai fasa ba. Bayan kwana huɗu aka fara wasan, kuma kafin a gama shi mutum wajen miliyan 20 sun kalla, watau kusan rabin baligan ƙasar.

Abin da ya biyo baya ya ba masana tarihi mamaki, ya kuma ba su ɗan haushi, gama sun shekara talatin suna rubuta littattafai a kan wannan al'amari ba tare da jama'a sun kula ba. Tun daga ranar ake ta muhawara a kan abin da majigi ke iya yi wa zuciyar mai kallo, da irin labarin da mai kallo yake so a ba shi.

Kafin mu shiga bayani ya kamata mu tuna wa mai karatu ainihin abin da ya auku. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da masu taya ta sun hallaka Yahudawan Turai kimanin miliyan 6, cikinsu har da yara wajen miliyan ɗaya da rabi. An harbe waɗansu a bakin ramuka, yunwa da cuta sun kashe waɗansu a unguwannin da aka killace su, sauran kuma aka kwashe su cikin taragun jirgin ƙasa zuwa sansanoni irin su Auschwitz da Treblinka, inda aka shaƙe su da iska mai guba. A Auschwitz kaɗai an kashe mutum kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari. An kuma hallaka 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fursunonin yaƙi na Rasha masu ɗimbin yawa.

AN NUNA, BA SU GANI BA

Ba a 1979 aka fara nuna wa Jamusawa wannan ta'asa ba. A watan Afrilu na 1945 sojojin Amurka suka tasa mutanen garin Weimar wajen dubu ɗaya a gaba, a ƙasa, zuwa sansanin gwale-gwale na Buchenwald da ke bayan garinsu, don su ga gawawwaki da idanunsu. Ran 29 ga watan Nuwamba na shekarar aka kashe fitilu a kotun Nuremberg, aka haska wa manyan jami'an Hitila da ake tuhuma hotunan da aka ɗauka a sansanonin. A farkon 1946 kuma hukumar sojan Amurka ta zaga gidajen silima na yankin da take riƙe da shi da wani gajeren majigi na minti 22, cike da tsibin gawawwaki da ƙasusuwa. Mutane sun shiga, sun fito. Da yawa suka ce farfagandar wanda ya ci yaƙi ce, waɗansu kuma suka ce su ma sun sha wuya, an ragargaza garuruwansu, 'ya'yansu ba su komo daga fagen fama ba.

Ko a Faransa, wadda ke cikin waɗanda suka yi nasara, abin bai zo da sauƙi ba. A 1956 Alain Resnais ya fito da wani majigi na rabin sa'a game da sansanonin, wanda sunansa ke nufin Dare da Hazo. Ofishin jakadancin Jamus ta Yamma ya kai kuka, aka cire shi daga gasar bikin finafinai na Cannes. Hukumar tace finafinai ta Faransa kuwa wani abu dabam ne ya dame ta. A cikin wani hoto na wani sansani a Faransa ana ganin hular ɗan sandan Faransa yana gadin waɗanda aka tsare, sai hukumar ta ce lalle a rufe hular. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shari'u ma an yi su. Daga 1963 zuwa 1965 aka gurfanar da waɗansu ma'aikatan Auschwitz a Frankfurt. A 1975 aka buɗe wata shari'ar a Dusseldorf a kan masu gadin sansanin Majdanek, ta yi ta jan ƙafa har 1981. Ɗalibai da malaman jami'a da 'yan jarida sun bi waɗannan shari'u, amma a cikin gidaje, tsakanin uba da ɗa, maganar ba ta tasowa.

IYALIN LIKITA WEISS

Gidan talabijin na NBC ne ya shirya Holocaust, bayan ya ga irin kasuwar da abokin hamayyarsa ABC ya yi a 1977 da wasan Roots, mai ba da labarin cinikin bayi. Gerald Green ya rubuta, Marvin Chomsky ya ba da umurni, aka nuna shi dare huɗu a jere, daga 16 zuwa 19 ga watan Afrilu na 1978, tsawonsa duka sa'a tara da rabi. An ƙiyasta cewa Amurkawa wajen miliyan 120 sun kalli aƙalla wani sashe nasa.

Labarin ƙagagge ne, na iyalai biyu a birnin Balin. Na farko iyalin wani likita ne Bayahude, Josef Weiss. Matarsa gwanar kaɗa fiyano ce, surukinsa tsohon hafsa ne da ya yi wa Jamus yaƙin farko har ya sami lambar yabo, babban ɗansa mai zane ya auri Kirista, wadda Meryl Streep ta fito a matsayinta. Mai kallo yana biye da su tun daga ranar bikin aure a 1935 har ya ga an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. 'Yar autarsu Anna, wadda hankalinta ya gushe bayan an yi mata fyaɗe, aka kai ta asibitin Hadamar aka kashe ta da iskar guba tare da sauran marasa lafiya. A ƙarshe ɗa guda ne ya tsira daga cikin 'ya'yan.

Iyali na biyu su ne ya kamata ma'aikacin gwamnati ya tsaya ya duba da kyau. Erik Dorf lauya ne matashi wanda ya rasa aiki, ba shi da wata ƙiyayya ta musamman ga Yahudawa, hasali ma likita Weiss ne ke duba matarsa. Matar ce ta matsa masa ya nemi aiki a rundunar SS don su sami abin sakawa a bakin salati. Ya sami aikin, ya nuna ƙwazo, aka yi ta ƙara masa girma. Gwanintarsa ita ce rubuta takardun ofis da kalmomi masu laushi, yadda za a rubuta kisa a kira shi sake matsuguni. Da biro da fayil ya yi yawancin aikinsa.

A Amurka ba kowa ne ya yaba ba. Elie Wiesel, marubucin da ya tsira daga Auschwitz da Buchenwald yana yaro, ya rubuta a jaridar New York Times ranar da aka fara wasan, ya ce an mai da bala'in da ya fi ƙarfin baki ya zama wasan nishaɗi mai araha, kuma cin zarafi ne ga matattu da waɗanda suka tsira. Abin da ya ƙara ɓata wa mutane rai shi ne yadda ake katse labarin ana sako tallar kayan masarufi, a fito daga ɗakin guba a faɗa tallar sabulu. Duk da haka a cikin shekarar Shugaba Jimmy Carter ya kafa kwamiti na musamman a kan tunawa da kisan, ya ɗora Wiesel ɗin a kan shugabancinsa, kuma shawarar kwamitin ce ta haifar da gidan tarihin da aka buɗe a Washington a 1993.

DARE HUƊU A JAMUS

Da gidan talabijin na WDR da ke Cologne ya sayi wasan, sai gardama ta kaure tsakanin gidajen talabijin na jihohi. Waɗansu suka ce kayan Amurka ne na neman kuɗi, bai cancanci babbar tasha ba. Daga bisani aka yi sulhu, aka tura shi ƙananan tashoshi na jihohi, waɗanda galibi malamai da 'yan boko ke kallo, aka haɗa su wuri ɗaya suka nuna shi a lokaci guda, ranakun 22, 23, 25 da 26 ga watan Janairu. Masu shirin ba su sa ran taro ba. Sai ga shi kowane dare masu kallo na ƙaruwa.

Bayan kowane kashi akan zaunar da masana tarihi da waɗanda suka tsira a ɗakin watsa shiri, a buɗe layukan tarho don jama'a su yi tambaya. Kira fiye da 20,000 ya shigo, ban da wasiƙu. Akwai masu kuka har su kasa magana. Akwai samari da 'yan mata masu tambayar yadda aka yi iyayensu ba su taɓa gaya musu ba. Akwai tsofaffin sojoji da suka tabbatar cewa sun ga irin wannan harbi a gabas da idanunsu. Akwai kuma masu zagi, suna cewa yaushe za a daina tonon asirin Jamus, don me ba a yi wasa a kan ruwan bama-baman da aka yi wa Dresden ba. Wani marubucin mujallar Der Spiegel, Heinz Hohne, ya amsa cewa wasan Amurka mara zurfi ya yi abin da ɗaruruwan littattafai da shari'u suka kasa yi cikin shekara talatin. Kalmar Holocaust kanta, wadda yawancin Jamusawa ba su santa ba kafin nan, ita ƙungiyar masana harshen Jamusanci ta zaɓa ta zama kalmar shekarar 1979.

Maganar ba ta tsaya a kan hawaye ba, ta shiga Majalisa. A dokar Jamus ta Yamma ta wancan zamani akwai wa'adin da idan ya wuce ba za a ƙara gurfanar da mutum kan laifin kisan kai ba. An tsawaita shi a 1965, an sake tsawaitawa a 1969, kuma zai cika ne a ƙarshen watan Disamba na 1979. Ma'anar wannan ita ce duk wani makashi na zamanin Hitila da ba a kai ga buɗe masa fayil ba zai iya fitowa fili ya kwana lafiya. Ran 3 ga watan Yuli na 1979 Majalisar Tarayya ta soke wa'adin ɗungum, da ƙuri'a 255 a kan 222. Ba za a ce wasan kaɗai ya jawo wannan ba, gama an daɗe ana jayayyar, kuma ƙasashen waje suna matsa lamba. Amma tazarar ƙuri'a 33 ce kawai, kuma 'yan Majalisar sun san abin da masu zaɓensu suka kalla wata biyar da suka wuce. Albarkacin wannan doka ne aka ci gaba da gurfanar da tsofaffi masu shekara casa'in da ɗoriya har cikin wannan ƙarni.

Me ya sa tsibin gawawwaki na gaskiya ya kasa, ƙagaggen labari ya iya? A ganina amsar ba ta da nisa. Gawar da aka nuna a 1946 ba ta da suna, ba ta da gida, ta rame har ba ta kama da kowa, kuma wanda ya ci ka da yaƙi ne ke nuna maka ita. Iyalin Weiss kuwa suna kama da maƙwabta, suna cin abinci a tebur irin naka, suna son waƙoƙin da kake so. Miliyan shida lissafi ne, zuciya ba ta iya ɗaukarsa. Yarinya guda mai suna Anna, wannan kowa na iya ɗauka.

Waɗanda ba su gamsu ba suka mai da martani da nasu aikin. Edgar Reitz ya ce Amurkawa sun ƙwace wa Jamusawa tarihinsu, ya shirya dogon wasansa Heimat, wanda aka nuna a 1984. Claude Lanzmann na Faransa kuma ya kwashe shekara 11 yana haɗa Shoah, wanda ya fito a 1985, shi ma sa'a tara da rabi. Babu ɗan wasa a cikinsa, babu tsohon hoto ko ɗaya, sai hira da waɗanda suka tsira, da waɗanda suka yi kisan, da manoman Polan da suka riƙa ganin jiragen suna wucewa. A ciki ne aka ga wani wanzami, Abraham Bomba, wanda aka tilasta wa aske gashin mata a Treblinka kafin a kashe su, yana ba da labari yana aski har muryarsa ta sarƙe. Masana sun ɗauki Shoah a kan babban aiki, gwamnatin Polan ta lokacin ta yi fushi da shi, amma masu kallonsa ba su kai ko kusa da na wasan NBC ba.

BAJAMUSHE NAGARI

A 1980 wani marubuci ɗan Ostareliya, Thomas Keneally, ya shiga wani kantin kayan fata a Beverly Hills don ya sayi jaka. Mai kantin, Poldek Pfefferberg, ya tsare shi da labarin mutumin da ya ceci ransa da na matarsa, labarin da ya shekara da shekaru yana neman wanda zai rubuta. Littafin ya fito a 1982 ya ci kyautar Booker, kuma daga gare shi Steven Spielberg ya yi Schindler's List a 1993, watau jerin sunayen Schindler.

Oskar Schindler ɗan jam'iyyar Nazi ne, ya taɓa yi wa sojan Jamus leƙen asiri, mashayi ne, mai neman mata, kuma neman riba ce ta kai shi birnin Krakow bayan an ci Polan a 1939. Ya karɓi masana'antar kwanonin tasa, ya ɗauki Yahudawa aiki don sun fi araha. A hankali ya juya, ya riƙa ba jami'an SS cin hanci don su ƙyale ma'aikatansa, a 1944 kuma ya sami izinin kwashe su zuwa wata sabuwar masana'anta a Brunnlitz. Mutum kimanin 1,200 suka tsira ta hannunsa. Bayan yaƙi duk sana'ar da ya taɓa sai ta rushe, a Ajantina da Jamus, har ya koma zaman wani ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Frankfurt, waɗanda ya ceta suna tallafa masa. Ya rasu a 1974, aka binne shi a birnin Ƙudus. Mutanen ƙasarsa kaɗan ne suka san sunansa a lokacin.

Fim ɗin baƙi da fari ne, ya haura sa'a uku, an kashe masa dala miliyan 22, ya kuwa jawo fiye da dala miliyan 300 tare da kyautar Oscar bakwai. A wurin ɗaukarsa an ce da matar Pfefferberg ta ga Ralph Fiennes sanye da kakin Amon Goth, kwamandan sansanin Plaszow, sai jikinta ya kama rawa. Ran 1 ga watan Maris na 1994 aka fara nuna shi a Jamus, a Frankfurt, Shugaban Ƙasa Richard von Weizsacker na zaune a cikin 'yan kallo. Jamusawa wajen miliyan 6 suka shiga silima dominsa, malamai suna kai ɗalibai aji-aji.

A nan ne fa abin yake da harshen damo. Waɗansu Jamusawa sun fito da sanyin zuciya, sun sami Bajamushe nagari a ƙarshe, har mujallar Der Spiegel ta sa shi a bangonta da wannan laƙabi. Waɗansu kuwa sun fito da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi. Shekara hamsin ana ce musu babu abin da mutum ɗaya zai iya yi a ƙarƙashin Hitila. To, ga mashayi ɗan jam'iyya ya yi. Ina sauran?

A waɗansu wurare an karɓe shi ta wata fuska dabam. Hukumar tace finafinai ta Malesiya ta hana shi, ta ce farfaganda ce ta neman tausayi ga wata al'umma guda. Daga baya gwamnati ta yarda a nuna in an yanke waɗansu wurare, Spielberg ya ƙi, aka bar shi ba a nuna ba. Indonesiya ma ta hana. A Filifin hukumar ta nemi a cire wuraren tsiraici, sai Shugaba Fidel Ramos ya sa baki aka nuna shi cikakke. A Amurka, da NBC ta nuna shi a talabijin a 1997 ba tare da katsewar talla ba, mutum wajen miliyan 65 suka kalla, wani ɗan Majalisa mai suna Tom Coburn ya yi tir da nuna tsiraici da jini a lokacin da yara ke falke, aka yi masa ca har ya nemi gafara.

Labarin da ya fi yawo shi ne na ɗaliban makarantar sakandare ta Castlemont a garin Oakland. A watan Janairu na 1994, ranar hutun tunawa da Martin Luther King, malamai suka kai ɗalibai wajen saba'in silima, yawancinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Da aka zo wurin da aka harbe wata injiniya Bayahudiya a ka, sai waɗansunsu suka yi dariya da surutu. Sauran 'yan kallo suka fusata, aka tsai da fim ɗin, aka fitar da su. Jaridu suka yi ta yayata cewa ƙiyayyar Yahudawa ce. Da aka bincika sai aka tarar yawancin yaran ba a taɓa koya musu tarihin ba, ba a kuma shirya su don abin da za su gani ba, ga shi sun fito daga unguwar da harbi ba baƙon abu ba ne. Ɗaliban sun nemi gafara a bainar jama'a, Spielberg da kansa ya ziyarci makarantar a watan Afrilu. Malamanmu na tarihi za su iya ɗaukar wani abu daga nan: majigi ba ya maye gurbin darasi, wanda bai san asalin labari ba yana iya ganin kisa ya ɗauka wasa ne.

ƊAYA CIKIN DUBU BIYAR

Sukar da ta fi nauyi daga masu ilmin abin ta fito. Lanzmann ya ce akwai abin da bai halatta a kwaikwaya ba. Imre Kertesz na Hangare, wanda shi ma ya tsira daga Auschwitz kuma daga baya ya ci kyautar Nobel, ya kira fim ɗin ado mara daraja. An kuma ruwaito daga Stanley Kubrick cewa kisan labari ne na miliyan shida da aka hallaka, fim ɗin Spielberg kuwa labarin 'yan ɗaruruwan da ba a hallaka ba ne. In mai karatu ya raba 6,000,000 da 1,200 zai ga cewa duk mutum ɗaya da Schindler ya ceta, akwai dubu biyar da ba su sami mai ceto ba. Cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, wadda tun 1963 take tantance waɗanda ba Yahudawa ba da suka sayar da ransu don ceton Yahudawa, ta karrama mutum fiye da 28,000 a duniya duka. Jamusawan da ke cikinsu ba su kai 700 ba.

Har ila yau fim yakan gyara labari don ya yi daɗin kallo. Masanin tarihi David Crowe, a littafinsa na 2004, ya nuna cewa Schindler yana tsare a lokacin da ake rubuta yawancin sunayen, wani ma'aikaci Bayahude mai suna Marcel Goldberg ne ya tsara su, kuma an zarge shi da karɓar toshiya. Matar Schindler, Emilie, wadda ta yi jinyar marasa lafiya a Brunnlitz tana nemo musu abinci, ta rasu a 2001 tana ƙorafin cewa an mai da ita 'yar rakiya. Sai dai kuma adalci ne a faɗi cewa da ribar fim ɗin Spielberg ya kafa gidauniyar da ta ɗauki hirar waɗanda suka tsira da shaidu kimanin 52,000 a ƙasashe da yawa, tun kafin mutuwa ta kwashe su.

In ana son a ga bambancin yadda 'yan kallo ke karɓar mai ceto da yadda suke karɓar mai laifi, a dubi Polan. Babu ƙasar da ta kai ta yawan waɗanda Yad Vashem ta karrama, sun haura 7,000, kuma a can hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne. A 1944 Jamusawa suka harbe Jozef Ulma da matarsa mai ciki da 'ya'yansu shida a ƙauyen Markowa, tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye. Wannan labari abin alfahari ne ga ƙasar, kuma ya cancanta. Masana'antar Schindler ma an mai da ita gidan tarihi a 2010, baƙi na tururuwa. Amma a 2012, da Wladyslaw Pasikowski ya fito da fim ɗinsa Poklosie, wanda ya ɗauko tushensa daga abin da ya faru a garin Jedwabne a 1941, inda mutanen gari suka ƙone maƙwabtansu Yahudawa a cikin rumbu, sai ƙura ta tashi. Aka ce ya ci amanar ƙasa, aka yi wa babban ɗan wasan, Maciej Stuhr, ruwan zagi da barazana, alhali shi wasa kawai ya yi.

WAƊANDA SUKA MIƘE

Wataƙila babu inda 'yan kallo suka taɓa zama su ne labarin kansa kamar a wani shiri na gidan talabijin na BBC mai suna That's Life a 1988. Nicholas Winton dillalin hannun jari ne a Landan, yana da shekara 29 lokacin da ya je birnin Prague a ƙarshen 1938 ya ga halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Ya komo gida ya shiga nema wa yara iyalan da za su riƙe su, da fam 50 na jingina da gwamnatin Ingila ta ɗora a kan kowane yaro, yayin da abokan aikinsa irin su Trevor Chadwick da Doreen Warriner suka zauna a Prague cikin haɗari suna tsara tafiyar. Yara 669, yawancinsu Yahudawa, suka isa Ingila. Kusan shekara hamsin duniya ba ta san labarin ba, sai da wani tsohon kundinsa mai ɗauke da sunaye da hotunan yaran ya isa hannun 'yan jarida.

Aka gayyace shi ɗakin shirin, aka zaunar da shi a layin gaba, yana dattijo mai shekara 78. Mai gabatarwa Esther Rantzen ta nemi duk wanda ke cikin ɗakin da ya san Winton ne sanadin rayuwarsa ya miƙe tsaye. Sai layukan da ke kewaye da shi suka miƙe, mutane masu furfura, fiye da ashirin. Dattijon ya juya a hankali ya dube su, ya sa yatsa ƙarƙashin tabarau yana share hawaye. Miliyoyin mutane sun kalli wannan ɗan guntun hoto a intanet, an kuma sake kwaikwayonsa a fim ɗin One Life na 2023, inda Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa. Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 2003, ya rasu a 2015 yana da shekara 106.

Shi kansa Winton, in aka yi hira da shi, yakan komo ne kan wani jirgin dabam. An shirya ayari mafi girma, na yara 250, zai tashi daga Prague ran 1 ga watan Satumba na 1939. Iyalan da za su karɓe su sun shirya a Ingila, takardu sun kammala. A safiyar ranar sojojin Hitila suka afka wa Polan, aka rufe kan iyaka, jirgin bai tashi ba. Kusan dukkan yaran ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.